Ranar da Iska Ta Tashi: Yadda Za Ka Bi da Doki Mai Firgita

Wata Asabar ce cikin watan Janairu, muna zaune mu huɗu a bakin barga, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi ana jiran shayi ya tafasa. Tun asuba hunturu ke kaɗawa, hazo ya rufe gari har ba a hango kukar da ke ƙarshen fili. Dawakin da ke turke babu wanda ya tsaya wuri ɗaya. Akawalin maƙwabcina, wato baƙin dokinsa, wanda ko yaro ɗan shekara goma yakan ja shi zuwa shan ruwa, sai zagaye turke yake yana huci, ya ɗaga kai sama, kunnuwa na juyawa gaba da baya.

Mai shi ya miƙe ya ce, "Wallahi Baba, dokin nan iskanci yake ji. Bari in hau shi in sauke masa abin da ke kansa."

Dattijon da muke zama wurinsa, wanda ya haura shekara arba'in yana riƙon dawaki, ya ce, "Yaro, ba iskanci ba ne, iska ce. Mayar da bulalar nan inda ka ɗauko ta, ka zo ka zauna."

Na goyi bayan Baba a ranar, domin ni na riga na ɗanɗana. Shekarun baya, a irin wannan yanayi, wata baƙar leda ta taso daga kwata ta manne wa dokina a ƙafar gaba. Ya zabura gefe, na fizgi linzami da iya ƙarfina, ya yi tabarya, wato ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, muka zube tare. Wata biyu na yi hannuna yana rataye a wuya. Dokin bai yi mini laifin komai ba, hannuna ne ya kayar da mu. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na koya tun daga lokacin, daga bakin dattawan barga, da likitocin dabbobi, da kuma dawakin kansu.

Me iska take yi wa doki?

Doki dabba ce da aka halitta tana tsira da gudu. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce, a daji shi ake farauta. Abin da ke tsare ransa shi ne ya ji, ya sansano, ya hango haɗari tun yana nesa, ya gudu kafin ya tsaya tambayar mene ne. Iska kuwa duk hanyoyin nan uku take ɓata masa lokaci ɗaya.

Kunnen doki yana da tsoka 10, yana juya kowanne shi kaɗai zuwa gaba ko baya, kuma yana jin siraran sautukan da kunnen mutum ba ya kamawa. Idan iska na busawa, sai kunnen ya cika da shuuu, ga ƙarar kwanon rufi, ga ƙofa na bugawa, ya kasa tantance daga ina sauti yake zuwa. Hancinsa ma haka: iska takan kwaso masa warin abin da ke can nesa, hayaƙin bola, warin mahauta, ƙanshin goɗiya a wata unguwa, ta watsa masa ta ɗauke kafin ya gane inda abin yake. Idanunsa kuma a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ban da daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa, kuma motsi yake fara kamawa kafin siffa. A ranar da gari ya yi tsit, abu ɗaya ko biyu ne ke motsi, ya dube su ya wuce. A ranar iska komai motsi yake: ganye, shanya, tuta, tampol ɗin mai shago, ledar ruwa. Ƙara da sanyin hunturu, wanda ke sa doki jin ƙarfi a jiki, musamman wanda ya kwana biyu a ɗaure yana cin hatsi.

Mutanenmu kan ce doki ya ga abin da ba mu gani. Ni dai na lura sau tari yakan ji ko ya sansano abin da mu ba mu kai gare shi ba. Idan ka riƙe wannan a zuciya, za ka daina ɗaukar zaburarsa a matsayin raini, kuma duk matakan da ke tafe a kan wannan fahimtar aka gina su.

Fara da sanin irin iskar

Ba duk iska ce ɗaya ba. Hunturu yakan fara wajen Nuwamba ya kai Fabrairu ko farkon Maris, yana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Iska ce mai ɗorewa, kuma a wajenmu takan fi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, ta lafa bayan la'asar. Ana iya hawa a cikinta idan an yi shiri, kuma sau da yawa dabarar ita ce kawai ka ɗage kilisa zuwa yamma.

Iskar hadari daban ce. Idan bazara ta yi nisa, ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya ɗauke numfashi, to cikin mintuna kaɗan za ta iso da ƙasa da tsakuwa, tana yaye rufi tana karya rassa. Wannan ba a hawa a cikinta, ko dokin wane ne. Idan ta riske ka a hanya, sauka, ka ja dokin zuwa bayan katanga mai ƙarfi, ka nisanci doguwar bishiya da turakun wutar lantarki saboda tsawa da faɗowar waya, ka bar shi ya juya wa iskar kuturinsa. Guguwar rani kuma, mai tashi tsakar rana tana juyi da kara da leda, takan wuce da sauri. Tsaya, fuskantar da shi ya gan ta, ka bar ta ta wuce.

Shiri daga barga yake farawa

Yawancin abin da ke faruwa a kan sirdi, a turke aka shuka shi. Mu nan muna ɗaure doki wuni da kwana, muna ɗura masa dawa da gero da dusa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sannan mu yi mamaki idan ya fito yana rawar jiki. Hatsi ƙarfi ne, kuma ƙarfin da ba a ƙona da aiki ba yana nan yana jiran dalili. Iska ce ke ba shi dalilin.

Saboda haka, a makonnin hunturu, duk ranar da doki ba zai yi aiki ba ka rage masa hatsi, ka ƙara masa ingirici da harawa. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce doki ya ci busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana buƙatar kilo 5 zuwa 7. Dokin da bakinsa ke tauna yakan fi natsuwa a kan wanda ya cinye hatsinsa cikin minti goma ya tsaya yana sauraren ƙarar kwano. Amma kada ka sauya abincin dare ɗaya. Cikin doki ba ya son canjin gaggawa, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga sai ya bi ta hanyarsa. Ɗauki mako guda kana ragewa kaɗan-kaɗan. Idan ingiricin ya yi ƙura, yayyafa masa ruwa kafin ka zuba.

Ruwa kuma kada ka yi wasa da shi don ana sanyi. Doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a wuni, fiye da haka in ana zafi ko yana aiki. A hunturu ruwan da ya kwana a waje yakan yi sanyi ƙarara, sai doki ya rage sha, ga iska na busar da jiki, ga busasshiyar ciyawa, daga nan sai ciwon ciki. Surka masa da ɗan ruwan ɗumi da safe, kuma kada kanwa ko gishiri su yanke.

Sannan ka zagaya bargar da idon doki. Kwanon da ƙusarsa ta cire yana bugawa, buhun da aka rataye yana lilo, ƙyauren da ba ya rufuwa, igiyar shanya da ta ratsa kusa da turke, duk ka gyara. Kafa zana mai ƙarfi ko ka ɗaure shi a jikin katanga ta ɓangaren da iskar ke zuwa. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: doki da kansa yakan juya wa iska baya. Idan ka ɗaure shi yadda ba zai iya juyawa ba, ƙura na dukan idonsa tun dare, da safe za ka tarar da dabbar da ranta ya riga ya ɓaci.

Karanta shi kafin ka ɗauko sirdi

Tsaya nesa kaɗan ka dube shi minti biyu. Dokin da ya saki leɓensa na ƙasa, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa, kunnuwa sun kwanta gefe, wannan iskar ba ta dame shi ba. Wanda ya ɗaga kai ya sanƙarar da wuya, farin idonsa ya bayyana, hanci ya buɗe yana huci mai ƙara, wutsiya a ɗage ko a matse, yana kashi kaɗan-kaɗan a kai a kai, wannan yana gaya maka a cike yake. Ka yi masa magana tun kafin ka isa gare shi, ka nufo shi ta wajen kafaɗa. A ranar iska ba ya jin takunka, kuma hannun da ya sauka a kuturinsa ba zato shi ke jawo harbi. Ka gargaɗi yaran barga a kan wannan, su ne suka fi shan shuri.

A nan ne za ka yanke shawara, kuma ka yanke ta da gaskiya. Idan dokin duƙushi ne da bai daɗe da karɓar sirdi ba, ko kai ne sabon hawa, ko hanyar da za ka bi titi ce mai motoci, to yau ba ranar fita ba ce. Iska na wahalar da mai kayan kara, kuma sabon mahayi a kan sabon doki kayan kara ne. Fasa hawa ba ya nufin a bar shi a ɗaure. Aikin ƙasa da zan faɗa yanzu ya wadatar a matsayin aikin ranar.

Sauke masa ƙarfi a ƙasa

Sa masa ragama da igiya mai tsawo, ka fita da shi fili mai faɗi wanda ya saba da shi. Kada ka taɓa naɗe igiya a hannu ko a yatsu. Ninka ta ka riƙe, yadda in ya fizga za ta zare ba tare da ta tafi da kai ba. Ka tsaya daidai kafaɗarsa, da tazarar hannu ɗaya tsakaninku, kuma idan akwai abin da yake tsoro, kai ka shiga tsakaninsa da abin. Doki yakan zabura ne ya nisanci abin da ya firgita shi, in kana ɗaya ɓangaren a kanka zai faɗo.

Fara da tafiya kawai, minti goma. Tsaya, ya tsaya. Ja da baya taku biyu, ya ja. Juya dama, juya hagu. Waɗannan ƙananan umarni su ne ke janyo hankalinsa daga iska zuwa gare ka. Daga nan ka saki igiyar ya zagaye ka, kana tsakiya, da tafiya sannan da sassarfa, kana sauya masa hannu bayan kowane zagaye biyar ko shida. Idan ya yi tutsu ko ya harba ƙafa sama, ƙyale shi, gara ya zubar da shi a nan. Abin da ba na so shi ne a kora shi da bulala yana sukuwa har ya jiƙe da gumi, wai don ya gaji. Dokin da aka kora ba natsuwa yake yi ba, jininsa ne ke ƙara hawa.

Alamar da kake jira ita ce ya sauke kai, ya yi dogon numfashi, ya fara lasar baki yana tauna, kunnensa na ciki ya juyo wajenka. Wani dokin minti goma ya ishe shi, wani sai ya kai rabin awa. Idan rabin awa ta wuce bai sauko ba, mayar da shi, ka ba shi ciyawa, ka sake gwadawa da yamma.

Ɗaura sirdi da abin da za ka sa

Juya shi ya ba iska baya, wani ya riƙe maka kansa. Jalala da duk wani ƙyalle da za ka shimfiɗa, nuna masa ya sansana, ka ɗora a ninke sannan ka warware a bayansa, kada ka kaɗa shi a sama iska ta buɗe shi kamar tuta. Da sanyi bayan doki yakan sanƙare, don haka kada ka ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikinsa, ka ƙulle lokaci ɗaya. Ja kaɗan, taka da shi, ka ƙara, ka sake takawa, ka ƙara. Kafin ka hau ka sake dubawa, domin zaburar gefe ita ce ke juya sirdin da majayinsa ya yi sako-sako.

Kai ma ka dubi kanka. Babbar riga, alkyabba da jelar rawani duk iska na kaɗa su daidai inda idon doki ke kama motsi a bayansa. In kilisa ce, sa kaya masu kama jiki. Sa takalmi mai dunduniya, wanda ba zai zurma cikin likkafa ba, don babu mummunan haɗari kamar mutum ya faɗo ƙafarsa ta maƙale doki na jansa a ƙasa. Hular kwano irin ta 'yan wasan ƙwallon dawaki kuma ba abin kunya ba ce, a kan yara ma dole ce a wurina. Ƙaimi ka bar shi a gida.

Sai maganar linzami, wadda a nan nake so a saurare ni da kyau. Linzaminmu na gargajiya, mai ƙarfe a kan harshe da zobe a haɓa, yana da kaifin gaske. Da shi ake zamiya a gaban sarki da yatsu biyu, kuma a hannun gwani abu ne mai kyau. Amma a hannun wanda ya firgita, wuƙa ce. Doki ya ga leda ya tsorata, sai kuma ya ji azaba a bakinsa a daidai wannan lokacin. Gaba ba hanya, ta baya kuma ga ƙaimi, sai ya tashi sama. Kuma abin da zai riƙe a ransa shi ne leda tana zuwa da ciwo, gobe tsoronsa ya ninku. Idan dokinka ya saba da linzami mai laushi, mai gaɓa a tsakiya, shi za ka sa ranar iska. Idan na gargajiya kaɗai ya sani, bar ragama a ƙarƙashinsa da igiyarta a hannunka, ka riƙa juya shi da ita.

A kan sirdi

Kada ka fita kai kaɗai in da hali. Doki dabbar garke ce, kuma tsohon doki mai sanyin rai a gaba ya fi duk wata dabara da zan koya maka. Wanda ke bayansa yakan duba shi, in ya ga bai damu ba sai shi ma ya saki jiki. Zaɓi hanyar da kuka saba, ka kauce wa bakin kasuwa, juji, wurin masu walda da layin da aka kafa rumfunan biki. Ka kuma tuna cewa kai ma ba za ka ji babur ko adaidaita sahu da ke tahowa a bayanka ba, don haka ka riƙa waiwaye.

Yi addu'ar hawa a natse, ka zauna, kada ka tafi nan take. Saki numfashi, saki cinyoyi, sauke dunduniya ƙasa. Doki yana jin ƙuda in ya sauka a fatarsa, balle mutumin da ya ƙanƙame shi da gwiwa yana riƙe numfashi. Riƙe kamazuru, wato igiyar linzami, gajere yadda kana jin bakinsa, amma ba ja ba. Wanda ya saki linzami gaba ɗaya zai makara in abu ya faru, wanda ya ɗame shi kuma shi ne ke kunna wutar. Ka riƙa yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa. Baba yakan yi ta tasbihi a fili yana tafe, ya ce yana samun lada dokin kuma yana samun natsuwa.

Ba shi aiki. Dokin da ke tafiya kawai yana kalle-kalle zai samo abin tsoro. Sa shi ya yi zagaye, ya ratsa tsakanin bishiyoyi, ya sauya daga tafiya zuwa sassarfa ya dawo. Sukuwa dai a bar ta sai wata rana, musamman a hanyar komawa gida da iska a bayanku, domin nan ne doki ya fi ɗaukar mutum.

Idan ya tsaya cak ya kafe wani abu da ido, kada ka dake shi. Ba shi daƙiƙu ya duba, ka shafa wuyansa, sannan ka nemi ya wuce ta nesa da abin, kana ɗan karkato kansa zuwa ɗaya gefen, idonka a kan inda za ku, ba a kan abin ba. Ku wuce, ku dawo, ku sake wucewa, kowane karo kuna ɗan matsowa. Ba sai ya kai hancinsa a yau ba.

Idan ya zabura gefe, yawanci taku biyu ne ko uku ya tsaya. Aikinka ka zauna a tsakiyar sirdi, ka kama geza in ka ji za ka zame, kada ka rataya a bakinsa. Da ya tsaya, ci gaba da abin da kuke yi kamar ba a yi komai ba.

Idan ya kwasa da gudu, jan kamazuru biyu da ƙarfi ba ya tsayar da dokin da ya firgita, sai ma ya ba shi abin jingina. Koma da jikinka baya, ja ka saki, ja ka saki, in akwai fili ka karkata shi ya shiga babban zagaye kana rage faɗinsa har gudun ya mutu. Kada ka lanƙwasa wuyansa da ƙarfi yana tsakiyar sukuwa, ko a kan kwalta, za ku faɗi. Mafi kyau ka kama shi a taku na farko ko na biyu, ka juyo kansa gefe guda tun kafin ya miƙe.

Idan ya yi tabarya, saki linzami gaba ɗaya, kwanta a wuyansa, rungume shi in ta kama. Da ƙafafunsa sun taɓa ƙasa, tura shi gaba ko ka juya shi, dokin da ke tafiya ba ya iya tashi sama. Wannan shi ne abin da ban yi ba a ranar da na karye.

Idan kuwa ka ji abin yana ƙaruwa maimakon raguwa, jikinsa na rawa, ba ya jin muryarka, nemi lokacin da ya tsaya, zare ƙafafu biyu daga likkafa, ka sauka ka ja shi. Masu cewa in ka sauka doki ya raina ka ba su san doki ba. Sau da yawa da ya gan ka a ƙasa kusa da kansa sai ya yi ajiyar zuciya.

Horon da ake yi ranar da babu iska

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranakun da gari yake lafiya, ɗaura leda a bakin sanda, ka riƙe dokin da ragama, ka tsaya nesa inda zai gan ta bai gudu ba. Kaɗa ta a hankali. Da ya tsaya ya daina motsi, sauke ta. Wannan saukewar ita ce darasin: yana koyon cewa tsayuwa ce ke korar abin tsoro, ba gudu ba. Idan ka sauke ta lokacin da yake ja da baya, akasin haka ka koya masa. Wata dabarar ita ce wani ya riƙe ledar yana tafiya gaba, ku kuna bin sa, domin abin da ke guje wa doki ba ya ba shi tsoro. A hankali har ka shafa masa ita a kafaɗa, baya, ciki da ƙafafu. Ka yi ta ɓangarorin biyu, don abin da ya yarda da shi ta idon dama yana iya zama sabo ta idon hagu. Bayan leda sai laima, tuta, tampol a ƙasa ya taka, babbar riga a kan sirdi. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa, kuma a tashi yana natse.

Masu shirin hawan sallah su fi kowa kula da wannan. Sallah tana ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. Ƙaramar sallar 2025 a ƙarshen Maris ta faɗo, nan da 'yan shekaru za ta shiga Fabrairu da Janairu, tsakiyar hunturu. Hawan Kano, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, da na Katsina da Zazzau da sauran masarautu, dama cike suke da kakaki, tambari, bindiga, laima da tutoci, ga taro ya matse hanya. Idan iska da hazo suka haɗu da wannan, dokin da aka ɗauko haya jiya da daddare aka ɗora masa yaro abin tsoro ne. Duk yaron da zai hau, a ba shi tsohon doki da zagi babba mai riƙe da ragama tun fita har dawowa. A gwada wa dokin cikakkun kayan ado tun mako biyu kafin ranar. Kuma ina roƙo, a daina ɗura wa doki ƙwaya don ya kwanta ko don ya yi rawa. Dokin da aka gusar wa hankali yana tuntuɓe, kuma yana iya farkawa a tsakiyar taro.

In ba iskar ba ce fa?

Dokin da firgitarsa ba ta tafiya bayan iska ta lafa, ko wanda halinsa ya sauya kwatsam, a duba lafiyarsa. Fara da ido: ƙurar hunturu tana sa hawaye da kumburi, ƙaiƙayi kan shiga ya ƙarce ƙwayar idon, kuma dokin da ba ya gani sosai ta gefe guda yakan zabura ta wannan gefen. Idon da ya rufe, ko ya yi fari-fari, na likita ne a ranar, kada a tsaya ɗiga masa abin da aka samu. Duba bayansa ko sirdi ya ji masa, duba bakinsa ko linzami ya yanka ko haƙori ya yi tsini. Lafiyayyen babban doki a hutu, zuciyarsa takan buga sau 28 zuwa 44 a minti, ana jin ta a jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi, numfashinsa sau 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Auna naka ranar da yake lafiya ka rubuta a bangon barga, don ka san abin da za ka gwada da shi. Idan yana tono ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, wannan ba tsoro ba ne, ciwon ciki ne, a kira likitan dabbobi nan take.

Bayan kun dawo, taka da shi har gumin ya bushe kafin ka ɗaure shi a inda iska ba ta dukansa. Goge masa ido da hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kowane ido da gefen tsummansa. In gari ya yi sanyi sosai, yafa masa bargo ko buhu, amma a ɗaure shi da kyau ta ƙirji da ciki, don mayafin da ya zame cikin dare ya naɗe ƙafa ya fi rashinsa illa.

Akawalin maƙwabcina, a waccan Asabar, zagaye ya yi a igiya wajen minti ashirin, aka mayar da shi turke aka zuba masa harawa. Bayan la'asar iskar ta faɗi, muka fita kilisa mu uku, kilin Baba a gaba, shi a tsakiya, ni a baya, muka zagaya ta bakin gonaki muka dawo ana kiran magariba.